Tafinta Tsakanin Inna da Mai Majigi

Fim ɗaya tak mutumin nan yake da shi, kuma sai da ya sa na kalle shi har na haddace inda tsohuwar ciki take yin tari. Ba'indiye ne, amma ba irin waɗanda muka saba gani a silima a gida ba, farare masu tsere a kan duwatsu. Shi baƙi ne wuluk, har ya fi ni duhu, daga can kudancin ƙasarsu, yarensu Tamil. Musulmi ne, sana'arsa gyaran wuta, kuma kafilinmu ɗaya, wato Balaraben da iƙamarmu, takardar izinin zama, take hannunsa. Ni kuwa tifa nake tuƙawa, ina kai yashi da tsakuwa wuraren gini. Ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya haukata Riyad. Ka bi titi da safe lafiya lau, ka dawo da yamma ka tarar an haƙe shi, an kafa allo da kibiya tana nuna maka rami.

Kafili ya ba mu wani gidan ƙasa a unguwar Gubaira, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, jikin garejin wani mai walda. Babu gidan silima ko ɗaya a garin. Sai abokin nawa ya je kasuwar gwanjo ta wajen Batha ya sayo tsohon majigi, wani ɗan garinsu kuma ya bar masa fim a cikin gwangwanaye masu faɗi da zai koma gida. Tun daga nan na daina sanin hutun Juma'a. Da an idar da la'asar sai a rufe garejin, a toshe taga da buhunan siminti, a rataya zanin gado a bango. Zanin gadona, don Allah, wai nasa mai furanni ne, hoto ba zai fito ba. 'Yan garinsu su cika wurin maƙil, zafi kamar gidan burodi, ga warin man kwakwa da gumi. Da ina da ikon guduwa da na gudu, amma hannun da ke naɗe faifan ya karye, dole sai mutum ya tsaya yana juya shi da yatsa. Duk Indiyawan nan babu mai yarda ya juya, domin kuka yana hana su daidaita hannu. Ni da ba na kuka, ni aka ɗora wa aikin.

Labarin bai taka kara ya karya ba. Wata bazawara ce da saniyarta ɗaya da ɗanta ɗaya. Ɗan ya girma ya zama direban jirgin ƙasa, jirgin kuma yana ratsa bayan ƙauyensu. Kullum sai ta zo bakin dogo da kwanon shinkafa, shi kuma ya rage gudu, ta miƙa masa tana kwarara kiran sunansa, duk fasinja na leƙe. Idan ya zo hutu, ƙato da gashin baki, sai ya kwantar da kai a cinyarta, ta dunƙula shinkafa ta sa masa a baki. A yi waƙa. A yi ruwan sama. A sake yin waƙa. Can ƙarshe, wata rana ya iso bai gan ta ba, sai ya tsayar da jirgi cak a tsakiyar daji ya sauka da gudu, ya bar aikin da mutanen ciki.

Faifan tsakiya kuwa ya ƙone tun kafin ya zo hannunmu. Kada ka zaci za a tsallake. A'a, abokin nawa Mai Majigi da kansa zai fito gaban zanin gadona ya yi wasan da ya ɓace. Ya yafa tawul ya zama uwa, ya yar da tawul ya zama ɗa, har saniyar ma ba ya barin ta. Yana yi yana sheshsheƙa, manyan maza masu ɗaukar buhun siminti bibbiyu suna taya shi. In ya gama ya waiwayo ni da jan ido ya ce da guntun Larabcinsa, “Sadik, ka gani? Uwa!” Sadik ɗin nan ba sunana ba ne, aboki yake nufi. Ni kuma in ce na gani, a taimaka a kunna na ƙarshe, yatsana ya sage.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne fim ɗin ya fara aiki a kaina ban sani ba.

Ni ɗan fari ne, kuma Inna mutumiyar ƙauye ce ta asali, irin waɗanda suka riƙe kunya gam. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, ɗakinta yana can ƙarshen gida. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ni ne “wancan”, in kuma ta so sakaya ni da kyau, “mutumin ɗakin tsohuwa”. Akwai wani maƙwabcinmu mai suna irin nawa, shi ma ya rasa sunansa a wurinta saboda ni. In tana son in yi wani abu, bango take gaya wa. “A ɗebo ruwa.” “A kore awakin nan.” In na durƙusa na gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice. Ƙannena kuwa har goyo da wasa da dungure a jikinta. Ban taɓa ganin laifinta ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a garinmu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Ranar da zan baro gida zuwa Saudiyya, gari ya fito raka ni bakin mota, har da waɗanda ba ma ga maciji da su. Inna ba ta fito ba. Na je sallama na tarar ta ba ni baya tana daka. Na durƙusa na ce, “Inna, zan tafi.” Ta ce, “Allah ya tsare,” ba ta ko sassauta taɓarya ba. Har na kai bakin kasuwa ina jiyo dakan nan, ƙwal, ƙwal, ƙwal, da wata irin ƙara mai kaifi. Na ce a raina, wato ko yau tuwon dare ya fi ni.

Na binne wannan shekara da shekaru, sai ga tsohuwar Tamil tana tono mini shi duk Juma'a. Ba na son a ba ni shinkafa a baki, Allah ya kiyaye. Amma na fara son in ji, ko sau ɗaya kafin ɗayanmu ya mutu, Inna ta faɗi wata magana da zan ce wannan tawa ce. Ina juya faifai ina jin haushin kaina, ƙato da ni, direban tifa.

Da Allah ya hore mini, na biya mata kujerar Makka. Ta zo tare da Kawu, yayanta, na same su can muka yi aikin hajji tare. A Mina ƙafarta ta kumbura suntum, likita ya ce ba za ta iya doguwar tafiya ba sai ta huta. Jirginsu ya tashi da Kawu, domin gonarsa na jiran girbi. Kafilina, Allah ya saka masa, ya nemo takardar da ta ba ni damar kawo ta Riyad ta yi jinya. Doguwar hanyar nan tun daga Makka, ni da ita a mota, abin da ta faɗa bai wuce “a tsaya a yi salla” ba.

Mun iso mun tarar Mai Majigi ya kwashe kayansa ya koma gareji, ya share ɗakinsa ya turare shi, ya sha sabon zane irin nasu, yana tsaye a ƙofa. Inna na sa ƙafa a ƙasa sai mutumin nan ya zube ya kama ƙafafunta, har da mai ciwon, ya fashe da kuka. Ta ja da baya tana salati.

“Subhanallahi! Me ya same shi? Rasuwa aka yi masa?”

Na ce wa bango, kamar yadda aka saba, “Gaisuwa ce. Haka suke yi.”

“To, a ce masa ya tashi, ya isa haka. Allah sarki, bawan Allah.”

Da haka na zama tafinta. Ita ba ta jin Larabci sai na salla, shi ba ya jin Hausa, Larabcinsa kuma duk ya karairaye, nawa ma ba a yabo. Ita ta faɗa wa iska, ni in ɗauka in juya masa. Shi ya faɗa mini, in juya in ajiye a tsakar ɗaki ta ɗauka.

Kafin a ce me, sun ɗinke. Ya haɗo wani mai mai ɗumi da tafarnuwa, kullum safe ya zo ya shafa mata a ƙafa. Ya dafa mata shayi da madara da citta. Ita kuma ta tuƙa masa tuwon shinkafa, ya ci yana zufa yana yabo. Ta tambaye shi uwarsa, ya zaro hoto daga aljihu, ta karɓa ta juya shi sama da ƙasa ta ce kyakkyawa ce. Tana dariya da shi har ana ganin wushiryarta, wadda ni ban ma san tana da ita ba. Kuma da bakina nake juya masa, “Ta ce sannu ɗana. Ta ce Allah ya yi maka albarka, ɗana.” Ɗana! Ni da na biya kujera ina tsaye a bakin ƙofa kamar ɗan aike.

Bai daɗe ba ya lura. Wata safiya ina duba man tifa ya zo ya tsaya a kaina, fuska a murtuke.

“Sadik, me ka yi wa Mama?”

“Ban yi mata komai ba.”

“Ƙarya. Ba ta kallon ka. Ba ta kiran ka. Ka shigo ta juya baya. Me ka yi? Ka auri wadda ba ta so? Ka sayar mata da saniya?”

Na ce babu saniya a maganar nan, al'ada ce. Na yi iya ƙoƙarina in bayyana masa kunyar ɗan fari da Larabcin wurin gini, wanda kalmominsa ba su wuce yashi, gobe, yalla da babu matsala ba. Na ce ni ne na farko, saboda haka tana jin nauyi. Ya ce nauyin me, ai na farko shi ne sarki. Na ce a wurinmu in mace ta nuna son ɗan fari, sai a yi da ita a gari. Ya ce wane gari, nan Riyad ne, wa zai gani? Na ce ita za ta gani. Ya girgiza kai irin girgizawar nan tasu da ba ka sanin e ce ko a'a, ya ce, “Haram, sadik. Akwai fushi. Ni zan gyara.”

Wayyo ni! Da ya ce zai gyara, na san na shiga uku, domin na ga yadda yake gyaran wuta.

Ya fara da sayo mayafi mai tsada a Batha, ya kai mata ya nuna ni da yatsa, wai ni na saya. Ta ce, “A ce masa an gode, amma wancan bai san kalar da ta dace da tsohuwa ba, wannan zaɓen mai hankali ne.” Na juya masa wannan ma, da bakina. Ya koma koya mini yadda ake faɗuwa a kama ƙafa. Na ce in na yi haka za ta zaci aljanu sun shafe ni a ƙasar mutane. Rannan muna cin abinci a tsakar gida, ita tana daga ƙofar ɗaki, sai kawai na ji ya dafa ƙeyata yana tura kaina wajen cinyarta. Na ture shi har miya ta zube. Inna ta ja ƙafarta ta shige ɗaki ta saki labule, ba ta sake fitowa ba sai magariba. Na bi shi gareji na zazzage masa Hausa tsantsa, wadda na gode Allah bai ji ba. Ya tsaya yana kallona da tausayi, ya ce, “Ka gani? Kai ma akwai fushi.”

Ƙafa ta sace, aka sa ranar tafiya. Ana jibi za ta tashi ya zo da shawararsa ta ƙarshe: Mama za ta kalli fim. Wai babu zuciyar da fim ɗin nan bai narkar ba. Na ce ka yi hauka? Matar da ta sauko daga Arfa ko wata biyu ba a yi ba? Ya ce in dai tambaye ta. Na tambayi bango.

“Daga ɗakin Allah sai majigi?” in ji ta. Ta ja carbi. “To, yaron nan ya wahala da ƙafata. A kawo, in ga abin da ke sa shi kuka.”

Washegari da hantsi ya kinkimo majigin zuwa ɗakinta. Lokacin sanyi ne, irin sanyin Riyad mai shiga ƙashi, ta lulluɓe da bargo a kan katifa. Aka toshe taga, aka rataya zanin gadona. Ni ga juya faifai, ga tafinta: shi ya juya Tamil zuwa Larabci, ni in juya Larabci zuwa Hausa, kafin magana ta iso wurin Inna mutanen bango sun yi nisa.

Ita kuwa ba ta ma jira fassara ba. Saniya ta fara fitowa, ta ce ba a ba ta dusa, dubi haƙarƙarinta. Da aka fara waƙa a cikin ruwan sama ta ce, “Waɗannan ba su da ɗaki ne?” Da jirgi ya taho gadan-gadan ta ɗan matsa gefe tana a'uziyya. Mai Majigi yana ta leƙen fuskarta yana jiran hawaye. Sai aka zo wurin cinya da shinkafa.

“Tsaya. Wannan gardin ɗanta ne ko mijinta?”

“Ɗanta ne.”

“Na nawa?”

Na tambaya, na dawo da amsa. “Na fari ne. Shi kaɗai gare ta.”

“Na fari?” Ta saki carbi. “Na fari take ɗura wa abinci a baki, ƙofa a buɗe? Kai, duniya da faɗi take. Ba ta da dangin miji ne? Tir!” Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya har da tari.

Mai Majigi ya ce, “Me ta ce? Kuka take?” Na ce dariya take. Ya ce babu komai, a jira faifan tsakiya.

Ya fito ya yafa tawul. Ban taɓa ganin ya zage kamar ranar ba. Ya yi uwa tana sayar da saniya don ɗa ya yi karatu, ya yi saniya tana waiwaye, ya yi ɗa yana rantsuwa, ya faɗi ƙasa ya birgima a kan tabarmar salla. Inna ta ce, “A ba shi ruwa.” Ni dai na jingina da bango ina roƙon ƙasa ta tsage.

A faifan ƙarshe ne ta yi tsit. Jirgi ya iso, bakin dogo wayam, babu tsohuwa babu kwano. Gardin ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ja birki. Na saci kallon ta a hasken majigi, na ga ta daina jan carbi, amma fuskar nan ko gezau. Fim ya ƙare, jelar faifai tana ta kaɗawa, na cire buhun taga haske ya shigo. Ta ce, “To, an gode. Allah ya ba da lada.” Ta fara laluben takalminta.

Nan Mai Majigi ya ƙule. Ya durƙusa a gabanta, hawaye shaɓe-shaɓe, ya yi magana mai tsawo yana nuna ni. Sannan ya ce, “Gaya mata.”

Na ce ba zan faɗa ba.

“Gaya mata, sadik, ko in je in nemo wani Bahaushe a masallaci ya faɗa!”

Inna ta dubi bango. “Me yake cewa? A faɗa mini. Ba na son a yi magana a kaina a ɓoye.”

Na rasa yadda zan yi. Na sunkuyar da kai na ce, “Wai cewa ya yi, gobe za ki tafi. Wai mutumin da yake zaune da shi ba ya barci sosai tun da kika zo. Wai yana tambaya, me ya sa ba kya son ɗanki.”

Ana jiyo ƙarar walda daga gareji. Na jira ta tashi ta fita, ko ta ce a kwashe tarkacen nan. Sai ta ajiye takalmin. Ta gyara zama ta fuskanci Mai Majigi sosai, ido cikin ido, ni ina gefe kamar babu ni.

“A gaya wa yaron nan,” ta ce, murya ƙasa-ƙasa amma da zafi, “ita waccan ta jikin bango ta ji daɗinta. Ta tsaya bakin hanya ta yi ihu, duniya ta ji, ta sauke abin da ke ranta ta koma gida ta yi barci. A tambaye shi, ya san wadda ba ta da bakin hanya? A gaya masa wanda yake zaune da shi, sanyi yana kama masa ƙirji tun yana jariri, kada ya bar shi ya fita da asuba babu rigar ɗumi. In ransa ya ɓaci ba ya cin abinci, sai ya ce ya ƙoshi, ƙarya yake, a ajiye masa a rufe zai dawo ya ci. Da ya yi ƙyanda a ɗakin tsohuwa, a tambayi tsohuwa wa ke kwana a bakin ƙofa.”

Ta ja numfashi. Mai Majigi ya dube ni yana jira, amma ba ta gama ba.

“A kuma gaya masa, wata mata, ranar da ɗanta zai bar ƙasa, tun da sassafe ta gama dakan gidan kaf, ko ƙwayar gero ba ta rage ba. Da ta ji an ɗaga akwati, sai ta jawo turmi haka nan, babu komai a ciki, ta yi ta zuba masa taɓarya don kada a ji abin da ke fita daga bakinta. Har turmin ya tsage. Yana nan a bayan rumbu, ban bari an faskara shi ba.”

Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Duk macen da ke gidanmu ta san ƙarar turmin da babu komai a ciki. Har yaran mata sun sani. Ni kaɗai ne na tafi da ita har Riyad ban san me na ji ba.

Mai Majigi ya kama hannun rigata yana jijjigawa. “Me ta ce? Sadik, me ta ce? Magana da yawa! Me ta ce?”

Na nemi Larabcin turmi na rasa. Na nemi na taɓarya na rasa. Da ƙyar na ce masa, “Ta ce fim ɗinka ya yi tsawo.”

Ya saki baki. Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗaga hannu sama yana faɗa da yarensu, ya fara naɗe wayarsa a fusace.

Inna ta sa takalminta ɗaya, ta sa ɗayan. Ta ce wa bango, “Maganar da na yi ta fi wannan tsawo.”

Na shiga sauke zanin gadona daga bango.

“A bar shi,” ta ce. “An dai ji.”

Na fita. Tifata tana ƙofar gida, na wanke ta tas tun da safe, ko ƙura ba ta sauka a kanta ba. Na ɗebo bokiti na fara wanke ta daga farko, taya bayan taya, ina buga bokitin da ƙarfi a jikin ƙarfe. Mai Majigi ya fito rungume da majiginsa, ya tsaya yana yi mini masifa, wai uwa mai taurin zuciya, ɗa mai taurin kai, ga shi kuma ina ɓarnar ruwa a garin da ake sayen ruwa. Ban juyo ba. Daga cikin gida na jiyo Inna tana cewa, ba da kowa ba, “A bar mutum ya yi wankinsa.”